Da Wane Suna Ya Kamata a Kira Yaro Mai Otizim?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ina da yaro ɗan shekara shida wanda bai fara haɗa magana ba sai da ya wuce shekara huɗu. Ba ya son hayaniya, kuma idan aka canza masa wurin zama ko kofin da yake shan shayi sai ya rikice. Bara aka gaya mana a asibiti cewa yana da abin da ake kira otizim, tun daga lokacin kuma na rasa sunan da zan kira abin da shi. Surukata tana cewa ɗan ruwa ne, yaran unguwa suna ce masa dolo, a rediyo na ji ana cewa cutar galahanga. Ƙanwata da ke karatu a Ingila ta ce ko a can rigima ake yi kan kalmomin, ta hana ni cewa yana fama da cuta, ta kuma ce an daina amfani da sunan Asperger da na gani a intanet. Wanne ne daidai, wanne ne cin fuska?

Wata uwa daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Amsar a taƙaice ita ce ki kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, idan kuma buƙatar bayani ta taso, a makaranta ko a asibiti ko a tsakanin dangi, ki ce yana da otizim, ko yaro ne mai otizim. Dolo da ɗan ruwa ba su da gurbi ko kaɗan, galahanga tana da matsalar da zan bayyana, kalmar cuta kuwa ni kaina ina kauce mata, ko da yake ba na ganin laifin uwar da ta faɗe ta cikin gajiya.

Ita kalmar otizim baƙuwa ce, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ne ya yaɗa ta a 1911, daga kalmar Girkanci da ke nufin kai, wato mutum shi kaɗansa. A lokacin da wata cutar taɓin hankali ta manya yake magana. Sai a 1943 Leo Kanner, likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya ari kalmar ya siffanta yara 11 waɗanda halayensu suka yi kama da abin da kika faɗa game da ɗanki: jinkiri ko bambanci wajen magana da mu'amala, son komai ya tsaya yadda aka saba, da rikicewa idan aka sauya tsari. Larabawa ma da suka tashi fassarawa sai suka ce tawahhud, wato kaɗaita. Asalin sunan bai yi wa yaran adalci ba, domin duk wanda ya zauna da su ya san suna son iyayensu, suna kewa, suna jin zafin wulaƙanci, hanyar nunawa ce ta bambanta. Amma a kunnen Bahaushe kalmar ba ta ɗauke da wannan tarihi, ba a taɓa zagin kowa da ita a bakin kasuwa ba, kuma ita ce kalmar da likita a Kano da na Maraɗi da na Kumasi za su gane nan take. Wannan ne ya sa na fifita ta.

Rigimar da ƙanwarki ta ba ki labari gaskiya ce, sai dai ya kamata ki san a kan me ake yin ta. A Turanci ana iya faɗar abin ta hanya biyu. Ana iya fara ambaton mutum sannan a ce yana ɗauke da otizim, ana kuma iya mayar da kalmar sifa, a ce mutum otistik, kamar yadda za a ce mutum dogo ko mutum Bahaushe. Likitoci da malaman makaranta sun daɗe suna koyar da hanya ta farko, bisa hujjar cewa mutum shi ne gaba, lalura kuma a baya take. A 1999 wani ɗan gwagwarmaya Ba'amurke mai otizim, Jim Sinclair, ya rubuta cewa bai yarda da wannan ba, domin a ganinsa otizim ba jaka ba ce da yake riƙe da ita wadda zai iya ajiyewa, tana cikin yadda yake gani da ji da tunani, kuma ba a ƙoƙarin raba mutum da wata sifa sai idan ana ganin sifar abin kunya ce. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2016, wanda ya ji ra'ayin mutane 3,470, ya nuna cewa mafi yawan manya masu otizim sun amince da a siffanta su kai tsaye, ma'aikatan lafiya da na ilimi kuwa sun fi karkata ga fara ambaton mutum. Wato waɗanda ake yi wa ladabin da waɗanda suke yin ladabin ba su haɗu a kan abu ɗaya ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da aka yi irin wannan tambaya a ƙasar Holan, cikin harshensu, sai mafi yawan manya masu otizim suka zaɓi a fara ambaton mutum. Ashe hukuncin ya danganta ga harshe da yadda kowace kalma take sauka a kunnen masu shi.

Mu a Hausa muna da wata 'yar kalma da ta raba wannan gardama tun kafin a fara ta, ita ce mai. Muna cewa mai ciwon suga, muna kuma cewa mai ilimi, mai haƙuri, mai kunya. Kalmar tana ɗaukar abin da ya sami mutum daga waje, tana kuma ɗaukar halin da aka haife shi da shi, ba tare da ta nuna wanne ake nufi ba. Saboda haka idan kika ce mai otizim, wanda yake ganin abin wani ɓangare ne na halittarsa bai rasa komai ba, wanda yake ganinsa lalura ce da ta same shi ma bai rasa komai ba. Ba na ganin dalilin da zai sa mu yi dakon rigimar da nahawun wani harshe ya haifar, alhali namu wuraren ciwon daban suke. Kuma ambaton sifa kai tsaye ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, tunda garuruwanmu sun daɗe da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda jama'arsu suke kiran kansu da waɗannan sunaye ba tare da jin an rage musu daraja ba, duk da cewa a yau wasu daga cikinsu sun fi son a ce masu lalurar gani ko masu lalurar ƙafa.

Malaman addini sun riga mu fitar da ma'auni a kan wannan. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Duk da haka malaman hadisi sun san Sulaiman bn Mihran da laƙabin A'amash, mai raunin gani, sun san Abdurrahman bn Hurmuz da A'araj, mai ɗingishi, kuma sun halatta ambaton mutum da irin wannan idan manufar ita ce a gane wanda ake nufi, ba a muzanta shi ba. Da wannan ma'auni nake auna kowace kalma: shin tana bayyana gaskiyar halin yaron, shin ana faɗarta don a fahimce shi ko don a yi masa dariya, kuma shi mai sunan zai yarda da ita idan ya ji?

Dolo ta faɗi a duk tambayoyin uku, haka 'yan uwanta irin su soko, gaɓo, wawa da sakarai. Ban da kasancewarsu zagi, ƙarya suke yi wa yaron. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take tasowa, wanda yake bayyana a mu'amala da sadarwa, da maimaita wasu ɗabi'u, da yadda jiki yake karɓar ƙara da haske da taɓi. Ƙarancin basira wani abu ne daban, wanda kan zo tare da otizim a wasu yaran, amma a ƙididdigar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take fitarwa waɗanda suka haɗa biyun ba su kai rabi ba. Yaron da ya toshe kunne ya ƙi amsa kira lokacin da injin niƙa yake aiki a maƙwabta ba rashin fahimta ke damunsa ba, ƙarar ce take yi masa zafi fiye da yadda take yi mana. Mahaukaci da taɓaɓɓe su ma ba su dace ba, domin suna haɗa shi da cututtukan da ke sa mutum ganin abin da babu shi ko jin muryoyi, waɗanda ba su da alaƙa da abin da ke tare da ɗanki, kuma ko su masu waɗancan cututtukan bai kamata a kira su haka ba. Najeriya kanta ta daɗe da dokar 1958 wadda sunanta yake nufin dokar mahaukata, sai a farkon 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da ta maye gurbinta.

Kada kuma a ɗauka kalmar asibiti ba ta ruɓewa. Kalmomin Turanci da ake zagi da su yau da ma'anar wawa, a farkon ƙarni na 20 sunayen da likitoci suke rubutawa a takardun marasa lafiya ne. Wadda ta gaje su ma ta lalace a bakin jama'a, har a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a kan wata doka da ta cire ta daga dokokin tarayyar Amurka. Masu karatunmu na Nijar za su tuna cewa a Faransanci ma ana jifan ɗan siyasar da ba ya sauraron kowa da kalmar otist, kuma a watan Maris na 2017 François Fillon, ɗan takarar shugabancin Faransa, ya jawo wa kansa fushin iyaye da ƙungiyoyi lokacin da ya maimaita a talabijin cewa shi ba otist ba ne. Idan muka bari yaranmu suka fara tsokanar juna da otizim a filin makaranta, ita ma haka za ta ƙare.

Ɗan ruwa kuwa ta fi dolo haɗari nesa ba kusa ba, ko da yake mai faɗarta sau da yawa ba da mugunta take faɗa ba. Dolo tana rage wa yaro daraja, ɗan ruwa kuwa tana fitar da shi daga cikin 'yan Adam gaba ɗaya, tana cewa aljanu ne suka musanya shi. Daga wannan suna ake zarcewa zuwa hayaƙi da tsaga da ɗauri da duka da sunan fitar da iska, ana ɓata shekarun farko waɗanda su ne suka fi amfani wajen koya wa yaro magana da kula da kansa, kuma a ƙarshe laifin yakan koma kan uwa, a ce ta yi wanka da dare ko ta je rafi da tsakar rana tana da ciki. Turawa ma sun yi nasu kuskuren mai kama da wannan, domin daga shekarun 1950 zuwa na 1960 manyan masana sun riƙa cewa sanyin zuciyar uwa ne yake jawo otizim, har suna kamanta irin waɗannan iyaye da firiji, kafin bincike ya rushe maganar. Abin da aka tabbatar shi ne gado yana da kaso mafi girma, kuma wani bincike na 2019 da ya duba mutane kimanin miliyan biyu a ƙasashe biyar ya kiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin ɗari, daga ɓangaren uwa ko na uba ko duka biyun. Ba na ba ki shawarar yin musu da surukarki, domin uwa ce gare ki kuma a iya saninta take magana. Ki nemi maigidanki ya tafi da ita asibiti ranar ganin likita ta ji da kunnenta, kuma idan ta sake faɗar kalmar a gabanki ki ce, Mama, jikanki ne, jininku ne, likita ya ce haka Allah ya tsara ƙwaƙwalwarsa. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna, sunan ne kawai ya kamata a bari.

Galahanga ita ce kalmar da kafafen yaɗa labarai na Hausa suka fi amfani da ita, musamman duk ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a ƙarshen 2007 don wayar da kai game da otizim. Na fahimci dalilinsu, domin mai shirin rediyo yana buƙatar kalmar da mutumin karkara zai ji ya gane. Matsalar ita ce abin da yake ganewa ba shi ake nufi ba. A bakin jama'a na sha jin ana kiran yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa har gaɓoɓinsa suka sandare da galahanga, na ji ana kiran mai lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita tana bayyana a kamannin fuska tana jinkirta koyo, da wannan suna, na ji ana kiran duk wani yaro mai dalalar da miyau wanda wuyansa bai tsaya ba da ita. Waɗannan lalurori uku ne mabambanta, kowace da irin taimakon da take buƙata. Illar kuma a bayyane take: uwar da ɗanta yake gudu yana tsalle, kamanninsa ba su bambanta da na kowa ba, idan aka ce mata galahanga sai ta ce nata ba shi da ita, ta ƙi kai shi a duba. Ba na kiran kalmar zagi, tunda akwai iyaye da masu fafutuka da suke amfani da ita da kyakkyawar niyya, amma idan za ki faɗe ta ga wanda bai san otizim ba, ki biyo ta da bayanin abin da kike nufi.

A kan cuta da fama ƙanwarki tana da hujja. Cuta a Hausa abu ne da yake kama mutum, a sha magani ya warke ko ya kashe shi, wani lokaci ma a ɗauka daga wani. Otizim ba ya yaɗuwa, ba ya kisa, kuma babu ƙwaya ko jiƙo da ke kawar da shi, saboda haka kiransa cuta yana buɗe ƙofa ga masu tallar maganin ƙarya, yana kuma sa maƙwabta su janye 'ya'yansu. Lalura ta fi sauƙi, yanayi ma ya fi. Sai dai zan faɗi abin da wasu masu fafutuka ba sa son ji. Akwai gidajen da yaro ya kai shekara goma sha biyar ba ya magana, yana buga kansa da bango, yana da farfaɗiya, ba a iya barinsa shi kaɗai ko na minti biyar. Idan uwar irin wannan yaro ta ce suna fama, gaskiyarta ta faɗa, kuma ba zan gyara mata harshe ba. Wannan saɓani yana nan har a tsakanin masana, domin a ƙarshen 2021 wani kwamiti na mujallar likitoci ta Lancet ya ba da shawarar a keɓe suna na musamman, otizim mai tsanani, ga masu buƙatar kulawa dare da rana, wasu iyaye suka yi maraba, wasu manya masu otizim suka ƙi. Abin da nake roƙo shi ne kada a faɗi fama a gaban yaron, domin yana ji, ko da bai ɗago kai ba.

Asperger sunan wani likitan yara ne, Hans Asperger, na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda a 1944 ya siffanta yara masu magana da basira amma masu wahalar mu'amala. Likitar Birtaniya Lorna Wing ce ta fito da sunan fili a 1981, ya shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1994, aka cire shi a 2013, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022. Dalilin cirewar na ilimi ne, domin an ga asibitoci ba sa daidaita wajen raba shi da sauran otizim, yaro ɗaya ya samu suna daban a wurare biyu, sai aka haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya mai faɗi. Daga baya, a 2018, masanin tarihi Herwig Czech ya fito da takardun da suka nuna Asperger ya yi aiki da gwamnatin Nazi ta Hitler, har ya tura wasu yara nakasassu zuwa cibiyar Spiegelgrund inda aka kashe ɗaruruwan yara. Wannan ya sa mutane da yawa suka ƙyamaci sunan. Duk da haka akwai manyan da aka ba su wannan suna shekaru da suka wuce, suka fahimci kansu ta hanyarsa, kuma suna riƙe da shi. Ba a yi musu gyara, amma ba a raɗa wa sabon yaro.

Za ki kuma ji ana raba yaran gida biyu, a ce wannan nasa mai sauƙi ne, wancan nasa mai nauyi, ko a ce wannan yana aiki sosai, wancan ba ya aiki. Masu otizim da dama suna ƙin wannan rabo, kuma na ga gaskiyarsu a wurin aiki. Wanda aka ce nasa mai sauƙi ne sai a hana shi taimako, a ce iskanci ne ko rashin tarbiyya idan ya rikice, wanda aka ce nasa mai nauyi ne kuma sai a daina koya masa komai. Yaro ɗaya yana iya haddace izu biyu ya kasa ɗaura maɓallin riga, yana iya zama lafiya a gida ya birkice a gidan biki. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya koma auna yawan tallafin da mutum yake buƙata, mataki na 1 zuwa na 3, kuma ya fi amfani ki gaya wa malamin aji abin da ɗanki yake iyawa da inda yake buƙatar hannu. Haka nan bebe ba ta dace da wanda ba ya magana ba, tunda a Hausa tana tafiya da kurumta, alhali yawancin waɗannan yara suna ji sarai, wasu kuma suna isar da saƙo da hoto ko nuni ko rubutu. A ce ba ya magana da baki, ko maganarsa kaɗan ce.

Saura masu buƙata ta musamman, wadda ta zama kalmar ladabi a taruka da jawaban gwamnati. Ba ta da laifi, sai dai ba ta gaya wa kowa abin da yaro yake buƙata. Kuma kada kunyar kalmar nakasa ta hana ki karɓar haƙƙinsa, domin dokar da ta haramta nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, da wannan kalma aka rubuta ta, kuma ta tanadi haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba. Idan takardar makaranta ko ta hukuma ta tambaya ko yaro yana da nakasa, ki rubuta otizim a gurbin.

Yaran unguwa kuwa ba dogon bayani suke buƙata ba. Ki tara biyu ko uku daga cikin manyansu, ki gaya musu sunansa ke nan, ƙara tana yi masa zafi, magana tana yi masa wuya, kuma yana jin duk abin da suke faɗa, sannan ki sanar da iyayensu cewa ba kya son dolo. Shi kansa ki fara gaya masa kalmar otizim da bakinki, a hankali kuma daidai fahimtarsa, kafin ya ji wata a waje. Idan ya girma har ya iya faɗar yadda yake so a ambace shi, ko ya fi son kada a ambata wa kowa sai wanda ya zaɓa, ku bi abin da ya ce ko da ya saɓa wa shawarar da na ba ki yau.